Masanin da ke auna kalma kafin a ƙirga makami

Akwai aikin da na daɗe ina ganin ba a ba shi darajar da ta kamace shi, wato aikin masanin dokar ƙasa da ƙasa wanda ya ƙarar da rayuwarsa a kan tsaro da kwance ɗamarar yaƙi. Nakan ji ana cewa wahalar banza yake yi, tunda mai ƙarfi ba ya jin doka. Ban yarda da wannan magana ba.

Wanda ya ɗauki wannan hanya, karatun shari'a kaɗai ba zai ishe shi ba. Dole ya koma ɗalibi a gaban masana kimiyya, domin ba zai iya tsara sharaɗi a kan yuraniyom ba matuƙar bai san bambancin wanda ake tacewa don wutar lantarki da wanda ake tacewa don bam ba. Daga nan rayuwarsa takan rabu tsakanin aji, da ɗakunan taro na Geneva, da bai wa wakilan ƙasashe shawara, inda ake iya kwashe makonni ana jayayya a kan jimla guda.

Wannan jayayyar ce wasu ke rainawa, alhali a cikinta amfanin yake. A 1972 aka sa hannu kan yarjejeniyar haramta makaman ƙwayoyin cuta, amma ba a tanadi masu binciken da za su je su gani da idonsu ba, kuma har yau wannan giɓi yana nan. Yarjejeniyar makamai masu guba ta 1993 kuwa ta zo da dogon bayani a kan yadda za a bayyana abin da aka mallaka, da wanda zai shiga ya duba, da wa'adin lalatawa, ta kuma kafa hukuma a birnin Hague. A 2023 Amurka ta kammala lalata nata, kuma da hakan aka ƙare da duk tarin da ƙasashe suka bayyana. Bambancin yarjejeniyoyin nan biyu ya taso ne daga abin da aka rubuta da abin da aka bari.

Aikin yana son haƙurin da ba kowa ke da shi ba. Sashe na 6 na yarjejeniyar hana bazuwar makaman nukiliya ta 1968 ya ɗora wa ƙasashe tattauna kwance ɗamara da zuciya ɗaya, kuma a 1996 Kotun Duniya ta ce wajibi ne a kai tattaunawar ƙarshe. Sai a 2017 ƙasashe 122 suka amince da yarjejeniyar haramta makaman gaba ɗaya, ita ma babu ko ɗaya cikin masu makaman da ta shiga. Mutum yana iya fara aiki da ƙuruciyarsa, ya yi furfura, abin da ya rubuta a kai bai tabbata ba.

Abin da ya fi damuna shi ne jarrabawar da ke jiran masanin idan sunansa ya fito. Gwamnatoci sukan neme shi ya ja Sashe na 51 na kundin Majalisar Ɗinkin Duniya, wanda ya halatta kare kai, har ya halatta harin da aka riga aka yi niyya. A nan nake bambanta masana, kuma wanda nake girmamawa shi ne wanda zai iya gaya wa mai biyansa cewa sashen bai kai can ba.