Ga Masu Cewa "Motata Ba Ta Zamewa A Kwana"

Assalamu alaikum ƙannena da abokaina matasan Sakkwato, musamman ku da Allah ya hore wa manyan motoci, naku na kanku ko na iyaye. Akwai maganar da ta yawaita a majalisunmu, daga Gwiwa har Mabera: wai motar wane ba a rage mata gudu a kwana, kwamfuta ce ke riƙe ta. Mai faɗin haka akwai ƙamshin gaskiya a bakinsa, shi ya sa maganar ta fi ƙarya tsagwaronta haɗari. Bari mu warware ta tun daga tushe.

Duk lokacin da mota ke shan kwana, tayar da ke waje tafiyarta ta fi ta ciki nisa, don haka dole ta fi ta saurin juyawa. Abin da ke ba su damar wannan bambanci shi ne difirenshiyal, giyar nan da ke tsakanin tayoyin biyu. Sai dai irin na gargajiya yana da aibi guda: ƙarfi iri ɗaya yake bai wa kowace taya. A cikin kwana kuwa nauyin mota waje yake komawa, tayar ciki ta yi sakayau. Da ka taka totur sai ita mara nauyin ta kama walwale a banza, wadda ta kama ƙasa sosai kuma ba ta sami rabon da ya kamace ta ba.

Injiniyoyi suka ce to a juya lamarin, a riƙa karkata ƙarfin inji zuwa tayar waje. Ku dubi mai baro a kasuwar Kara: in yana son ya yi hagu, hannun dama yake ƙara wa ƙarfi, sai baron ya karkata da kansa. Haka motar take yi. Na'urori suna auna yadda ka murɗa sitiyari, da saurin kowace taya, da yadda jikin motar ke juyawa, sai kwamfuta ta matse faifan kuloci da ke cikin aksil ta tura ƙarfi gefe guda. Hancin motar ya shige kwana cikin sauƙi maimakon ya riƙa turjiya yana neman miƙewa.

Ba sabon abu ba ne. Kamfanin Mitsubishi ya sa irinsa a Lancer Evolution IV tun 1996, ya kira shi AYC. Honda ta fito da nata mai suna SH-AWD a 2004, kuma shi ne a cikin Acura MDX daga ƙirar 2007, motar da ba baƙuwa ba ce a titunanmu. Wannan tsarin yana iya kai kashi 70 cikin 100 na ƙarfin inji zuwa baya, sannan ya ɗora shi duka a kan taya ɗaya ta waje. BMW ta sa nata a X6 a 2008. Akwai kuma motocin lantarki irin Rimac Nevera masu injin lantarki huɗu, kowace taya da nata. Amma mafi yawan motocin da ake yi wa wannan kirari a gari ba su da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Nasu na birki ne: kwamfuta ta ɗan tsunkuli birkin tayar ciki don motar ta karkata. Yana aiki, amma in ka matsa masa lamba birki ke ɗaukar zafi, a garin da ma'aunin zafi ke haura digiri 40 a watan Afrilu.

Yanzu ga inda nake so ku ba ni hankalinku. Duk wannan fasaha rabo take yi, ba ta ƙirƙira. Abin da ke riƙe mota a kan titi wuri huɗu ne kawai, inda tayoyi suka taɓa kwalta, kowanne faɗinsa bai wuce tafin hannu ba. Riƙon da ke wurin yana da iyaka, kuma da shi ɗin ake birki, da shi ake juyawa, da shi ake ƙara gudu. Abin da ka ci a ɗaya ka rage shi a sauran. Lissafin ma ba ya tausayi: ƙarfin da ke neman fizge ka waje a kwana ba daidai da gudunka yake ƙaruwa ba, ninkuwa yake yi. Kwanar da ka sha a kan gudun kilomita 40 a awa, in ka shige ta a 80 riƙon da take nema ya ninka sau huɗu. Daga 60 zuwa 85 kaɗai ya riga ya ninka biyu. Babu kwamfutar da ta taɓa sauya wannan, ko a Jamus aka ƙera ta.

Abin da ya fi damuna ma shi ne na'urar tana ɓoye gargaɗi. Tsohuwar Peugeot 504 in ka matsa mata a kwana za ta gaya maka: jiki ya kwanta, taya ta yi ƙara, sitiyari ya yi sako-sako, gabanka ya faɗi ka ɗaga ƙafa. Wannan faɗuwar gaban rahama ce. Motar zamani kuwa tana ta gyara maka kurakurai a ɓoye, kai kana zaton ƙwarewarka ce, gobe ka ƙara gudu, jibi ka ƙara. Ranar da riƙon ya ƙare, a babban gudu zai ƙare, kuma ba za ka sami lokacin ko salati ba.

Sannan waɗanda suka ƙera abin ba su san hanyar Illela ba. Mu nan kwana takan zo da yashin da iskar hunturu ta shimfiɗa a kan kwalta, wanda ba ka ganinsa sai ka hau. Ruwan farko na damina yana tayar da mai da ƙurar da suka taru wata da watanni, titi ya yi santsi. Ka fito daga kwana a hanyar Bodinga ko ta Dange ka tarar da garken shanu, ko raƙumi da kaya, ko ɗan kabu-kabu ya ɗauko mace da goyo. Na'urar ta taimake ka shiga da sauri. Tsayawa kuma ba aikinta ba ne.

Wata tambayar: kun tabbata ma abin yana aiki a motarku? Yawancin motocinmu na hannu ne, sun sha duniya kafin su iso. Nawa ne daga cikinmu ke yawo da fitilar ABS (na'urar hana taya kullewa in an taka birki) ko ta VSC (na'urar daidaita mota) a kunne a kan dashbod wata da watanni, har an saba da ita? Wani ma an cire masa ƙwan fitilar kafin a sayar masa. In na'urar auna saurin taya guda ta mutu, kwamfutar takan janye hannunta gaba ɗaya. Ga tayoyi huɗu kowace da kamfaninta, wata ma girmanta daban, sai lissafin kwamfutar ya rikice. Aksil ɗin baya na irin su SH-AWD mai na musamman yake sha, ba kowane man giya da aka auno a galan ba, kuma kanikawan da suka san aikinsu za su gaya maka haka in ka tambaya.

Ku kuma masu wasan mota a ranar ɗaurin aure, da ke danna maɓalli ku kashe na'urar daidaita mota don bayanta ya fice a yi muku tafi, ku ji tsoron Allah. Na'urar nan da kuke kashewa, saboda rayukan da take ceto ne Amurka ta wajabta ta a kan sababbin motoci tun daga ƙirar 2012. Allah Maɗaukakin Sarki ya hane mu jefa kanmu cikin halaka a Suratul Baƙara, aya ta 195, balle jefa yaran mutane da suka tsaya kallo a bakin titi. Kuma in abu ya faru, mahaifinka ne zai zauna gaban dangin mamaci yana sunkuyar da kai, ba abokan da suka ɗauke ka a waya ba.

Tuƙin kwana ba shi da wani sirri. Ka gama birkinka tun mota tana miƙe, ka shiga a natse, idonka yana inda za ka fita, sai sitiyari ya fara miƙewa sannan ka taka totur a hankali. A nan ne ma tsarin karkata ƙarfin ya fi amfani. Dokar hanya ta ƙasar nan kilomita 50 ta ba ƙaramar mota a cikin gari, 80 a babbar hanya. Gobe da safe kafin rana ta yi zafi ka je wurin mai faci ya auna maka iska, don tayar da ta yi gudu awonta ba ya faɗin gaskiya. Ka kuma duƙa ka duba lambobi huɗun ƙarshe da ke bayan haruffan DOT a gefen kowace taya: biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekarar da aka yi ta. In ka ga 1514, tayar ta mako na 15 ce a 2014, kuma Michelin da kanta ta ce taya in ta kai shekara 10 a cire ta, ko da zanenta bai cinye ba.