Randar da ta daina zufa

Babu wanda ya aike ni. A waya na ga wata baturiya tana shafa wa kofin tangaran wani ruwan fenti da buroshi, ta sa a wuta, ya fito yana walƙiya, sai na ce wallahi randar gidanmu ma ta cancanci gata. Na yi oda daga Legas. Mai sayarwa ta tambaye ni, "Kon 06 ko kon 6?" Ni da na san sifili a gaban lamba ba ya ƙara komai, na ce ta ba ni 6, shuɗi mai ƙyalli.

Da robar ta iso, abin da ke ciki ba shuɗi ba ne, ruwan toka ne mai kauri kamar kunun da ya kwana. Takardar ta ce a juya sosai, a shafa sau uku, kowace shafa sai ta bushe. Na bi doka. Na ɗora randa a Keke Napep sai wajen Inna maginiya, can bayan Ƙofar Guga.

Ta lakato da yatsa ta shinshina. "Ɗan nan, mi kaka wa randa? Mu makubar ɗorawa muka sani, a yayyafa tun tukunya na da zafi." Na ce, "Inna, zamani ne." Ta jera ta cikin tukwanenta, ta lulluɓe da kara da kashin shanu, ta cinna.

Washegari randa ta fito fari fat da bakin hayaƙi, fentin yana zuba gari-gari. Jikokin Inna har da tafi.

Wani malamin zane mai tanderun lantarki ne ya warware mini. Ashe fentin nan gilashi ne da aka niƙa, sai ya narke yake ƙyalli. Kon ɗin nan ma'aunin zafin gashi ne: kon 6 yana son zafin da ya haura digiri 1,200, kon 06 kuwa wajen 1,000, wutar kara ba ta kai ko na ƙasan ba. Ya ce da ya kai randata zafin kon 6, yumɓun ne zai fara lanƙwashewa. Ita kanta Ladi Kwali ta bayan naira 20, sai da ta shiga cibiyar koyar da ginin tukwane ta bature Michael Cardew a Abuja, Suleja ta yau, a 1954, tukwanenta suka samu irin wannan sheƙi.

Sabuwar randa, sabon fenti, 06 wannan karon. Na shafe ciki da waje, har gindi, don ba na son rowa. Kyau kam ta yi, shuɗi mai ɗigon zinariya. Amma gindin ya narke ya manne da allon tanderu, sai da malam ya sa kurfi da guduma, ni kuma na biya kuɗin allo.

Hajiya ta cika ta da ruwa ana tsakiyar zafin Afrilu. Da la'asar ta kurɓa, ta dube ni.

"Baban Ummi, shayi za a haɗa?"

Randa da zufa take sanyaya ruwa, yana tsattsafowa ta ƙofofin yumɓu iska na busarwa. Ni kuma na toshe su kaf da gilashi. Yanzu tana falo da furen roba a baki, kullum da azahar ana tura Ummi sayen ƙanƙara, daga aljihuna.