16 ga Agusta a Memphis, da ranar da Shata ya rasu

Shekarata shida a birnin Memphis na Amurka, kuma duk tsakiyar Agusta sai hanyar wurin aikina ta cushe saboda shahararren mawaƙi Elvis Presley. A gidansa na Graceland ya mutu ranar 16 ga Agusta 1977 yana da shekara 42, kuma har gobe, daren 15 ga wata, dubban mutane kan yi layi riƙe da kyandir su zaga kabarinsa. Da farko na ɗauka rashin aikin yi ne.

Wani abokin aikina, dattijo Baƙar fata, shi ya zaunar da ni ya ce ranar ba ta Elvis kaɗai ba ce. A ranar ce mawaƙiya Aretha Franklin ta rasu a Detroit a 2018, ita ma haifaffiyar Memphis ce. A ranar aka haifi mawaƙiya Madonna a 1958. A ranar ne kuma, a 1962, 'yan ƙungiyar mawaƙan Ingila ta Beatles suka sallami makaɗin gangarsu Pete Best a Liverpool, Ringo Starr ya gaje shi, dab da ƙungiyar za ta yi tashe. Pete bawan Allah, ya ga samu ya ga rashi.

Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne Robert Johnson, mai jita daga Mississippi, da ya mutu ranar 16 ga Agusta 1938 yana ɗan shekara 27, talaka, ba wanda ya damu da shi. Waƙoƙi 29 kacal ya bari a faifai. Amma kowace ɗaya an san garin da aka naɗe ta da ranar: San Antonio a 1936, Dallas a 1937. Da wannan ɗan abin ne mawaƙan Ingila irin su Eric Clapton da Rolling Stones suka yi makaranta.

To mu fa? Alhaji Mamman Shata ya yi fiye da shekara hamsin yana waƙa, shi kansa bai san adadin waƙoƙinsa ba. Yawancinsu ba mai iya gaya maka ranar da aka yi su, ko sunan wanda ya riƙe kalangu a wurin. Na Narambaɗa da Ɗankwairo ma haka suke yawo a waya, wani ya tura wa wani, an yanke kai an yanke gindi, wani lokacin da sunan wani mawaƙin daban a kai.

Ba ina cewa mu kai kyandir Daura, inda kabarin Shata yake, ba, Allah ya tsare. Mamaci addu'a yake bukata, kuma rabin abin da ake yi a Graceland ciniki ne, riga da kofi da tikitin shiga gida. Rubutawar nake wa kwaɗayi. Su an rubuta, shi ya sa jikokinsu ke da abin riƙewa. Mu mun bar komai a kan tsofaffi, tsofaffin kuma suna ta tafiya.

Ranar nan na kira kawuna a Funtuwa na tambaye shi yaushe Shata ya rasu. Na riga na duba, 18 ga Yuni 1999 ne, gwada shi kawai nake yi. Ya yi shiru, ya ce, "Kai yaro, ai lokacin Obasanjo bai daɗe da hawa ba, shuka ta fito." Sai ya ɗauko wata waƙar Shata tun daga amshi, ya yi ta ja ba tuntuɓe ko ɗaya, har cajinsa ya ƙare wayar ta mutu.