Yaƙin babura da darasin motar Snatch

Wani tsohon sojan Ingila ya kalli bidiyon harin 'yan bindiga a yankin Shanono na jihar Kano, bai tambayi yawan sojojinmu ba. Cewa ya yi: "Wa ke rubuta abin da ya faru, kuma wa ke karantawa?" Tambayar ta yi mini ciwo.

Su ma sojojin Ingila ba da wayo suka koya ba. A 2003 suka shiga Iraƙi, suka riƙa sintiri a Basra da wata Land Rover da ake kira Snatch, wadda aka ƙera don tarzomar titunan Ireland ta Arewa. Sulkenta ba kauri, cikinta shimfiɗe, idan bam ɗin gefen hanya ya tashi babu abin da ke kare na ciki. Sojoji aƙalla 37 suka mutu a cikinta tsakanin Iraƙi da Afganistan. Iyaye suka je kotu, a 2013 Kotun Ƙoli ta ba su damar ƙarar gwamnati, a 2016 rahoton Chilcot, na binciken yaƙin Iraƙi, ya ce ma'aikatar tsaro ta yi nawa wajen ɗaukar mataki. Motocin da suka gaje ta, irin su Foxhound, cikinsu mai tsini ne kamar ƙasan kwalekwale, don ƙarfin fashewa ya watsu gefe. Shekarun da suka ɓata abin kunya ne, amma kuskuren ya shiga takarda, takardar ta shiga horo.

Mu fa? Makarantu muna da su, ga Jaji, ga cibiyar tsara dabarun yaƙi a Minna, kuma sojan da ke kwana a daji bai gaza ba. A Borno an tattara dakaru a manyan sansanoni a 2019 don a daina murƙushe ƙananan shingaye. An rage asarar soja, ƙauyuka suka zauna tsirara. An kawo jiragen yaƙi na Super Tucano 12 a 2021. Amma maharin da ke tsallakowa daga Katsina zuwa Tsanyawa kan babur yake, goyon biyu ko uku, yana bin burtali da bakin rafi, infoma ya riga ya faɗa masa gidan da ke da shanu. Da damina dawa ta rufe shi, Hilux kuwa ta kafe a laka. Abin da ke karya shi ƙaramar runduna ce a kan babura, mai kwana kusa, wadda kira ke isa gare ta tun ana taruwa a daji.

Wannan labarin kuwa yana wajen mai unguwa da makiyayi da ɗan acaɓa, mutanen da ba a zama da su bayan hari a tambaye su ta ina aka shigo, ƙarfe nawa, wa aka kira bai ɗauka ba. Wanda ya yi magana ma tsoro yake kada sunansa ya koma daji. Iyayenmu suna can, ga amfanin gona ya nuna, suna shawarar ko su kwana a gida ko su tafi cikin gari. A ba dagaci lambar kwamandan da ke kusa, a ɓoye sunan mai ba da labari, kuma wani babba ya amsa tambaya duk ranar da aka kira ba a zo ba.