Wai ruwan sama ya wanke

Kun dai ga hoton da na saka jiya. Ƙasa ta yi kore-kore kamar an zuba mata shuɗi, ga yaro ɗan shekara biyar ko shida yana tura gare-gare a kanta ba ko takalmi. Filin da dillali ya kai mu ke nan ni da ƙanina a nan Kano, tsohon kamfanin jima ne da aka rufe, aka rushe katanga aka yanka fuloti-fuloti. Da na ce masa, "Malam, wannan warin fa?" sai ya yi dariya ya ce, "Haba Alhaji, damina nawa aka yi? Ai ruwa ya wanke komai."

Ruwa ya wanke. To madalla. Ya wanke ya kai ina?

Kromiyam ɗin da ake jimar fata da shi ƙarfe ne, ba ɓawon ayaba ba ne da zai ruɓe. Ko dai yana nan a ƙasar, ko ya tsiyaya ya sauka daidai inda mai fuloti zai haƙa rijiya gobe. Hanyar ruwan nan kuwa ba ɓoyayya ba ce: na masana'antun Bompai ya bi rafin Getsi ya faɗa Jakara har madatsar Wasai, na masana'antun Sharada ya bi rafin Salanta ya shiga kogin Challawa. A bakinsu ake noman latas da alayyafon da muke yi wa kirari da "ɗanyen lambu".

Amma ba dillalin ne ya ɓata min rai ba, shi neman na cefane yake. Ku ne, masu zuwa ƙarƙashin hoton kuna rubuta min "gwamnati ba ta da kuɗin irin wannan aikin." Sannunku da aiki, akantocin gwamnati na sa-kai! Tun 1981 akwai asusun kula da muhalli a ƙasar nan. Duk wata ana ware masa kaso daga asusun tarayya, jihohi na karɓa, ƙananan hukumomi na karɓa. Kuɗin akwai. Ba don akwai su ba, da me aka ɗaure tsohon gwamnan Filato Joshua Dariye a 2018? Sama da naira biliyan ɗaya na wannan asusun ne kotu ta same shi da karkatarwa, aka yanke masa shekara 14, a 2022 kuma aka yi masa afuwa. Kuɗin akwai, hanyar Sharada ce ba su sani ba.

Wani kuma ya ce ai masu kamfanonin ne ya kamata su biya. Na yarda, je ka nemo su. Wanda ya kwance injinansa tun da wuta ta gagara ya bar mai gadi da kare, a ina za ka kai masa takarda? Masu aiki har yanzu, ga NESREA, hukumar tabbatar da bin dokokin muhalli, nan tun 2007, ta matsa musu. Kamfanonin da suka mutu kuwa, wanda ya yi shekara da shekaru yana karɓar harajinsu shi ya ci gado, shi ne da biyan bashi.

Mai cewa "ana fama da yunwa kana maganar ƙasa", kai ba zan ma tsaya kanka ba.

Wallahi ba don neman magana nake wannan rubutun ba. Zamfara nake tunawa. A 2010 gubar dalma ta kashe yara aƙalla 400. A ƙauyen Bagega likitocin ƙungiyar agaji ta MSF suna nan da magani a hannu, suka ce ba amfanin ba yaro magani a mayar da shi tsakar gidan da gubar take, sai an kankare ƙasar tukuna. Aka yi ta jiran Abuja ta saki kuɗi har farkon 2013, sai da matasa suka yi ta ihu a intanet. Aikin kuma mene ne? A auna ƙasa, a kwashe ta sama, a binne ta inda ba za ta yi yoyo ba, a zubo mai tsabta. Tifa ce da shebur da masu awo. An yi shi a ƙauye, ya za a ce ya gagari Kano?

Yankin Ogoni ma, da malalar man fetur ta gurɓata, sai da rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya ya fito a 2011, ya ce a fara da dala biliyan ɗaya, gyaran zai ci shekara 25 zuwa 30, sannan aka ƙaddamar da aikin a 2016. Ban yi musu baƙin ciki ba, an cuce su da gaske. Su dai an auna tasu ƙasar. Mu ana yanka tamu ana sayarwa da wari a kai.

Ƙanina dai ya fasa, dillalin kuma yana ta kirana wai zai rage dubu ɗari biyu.

Af, tunda ana maganar fata: ku masu cin ganda, kun taɓa tambayar mai sayarwa da me aka babbake ta? Ran nan na wuce inda ake yi, na ga hayaƙi baƙi wuluk, na ga tulin tsofaffin tayoyi a gefe. Tun ranar Hajiya ke cewa na cika tsirfa.