Kana ƙasa mai tsarki, kukan me kake yi?

Assalamu alaikum 'yan uwa mazauna Makka, Madina da Jidda.

Akwai maganar da ya kamata mu daina jifan baƙinmu da ita. Yarinya ta baro Kano ko Maraɗi ta zo aikatau, wata da watanni ba ta leƙa waje ba, fasfonta na hannun kafili, wato ubangidan da ya ɗauki nauyin zamanta, Larabcin da take ji bai wuce "ta'ali" da "yalla" ba. Ranar da ta samu ta kira gida tana kuka, sai a ce mata: "Haba 'yar nan, wasu gona suke sayarwa su je inda kike. Ki gode wa Allah." Shi ke nan an rufe mata baki.

To mu duba abin da Bukhari ya ruwaito daga Nana A'isha. Da aka yi hijira a shekarar 622 miladiyya, zazzaɓin Madina ya kwantar da Sayyidina Abubakar da Bilal. Idan zazzaɓin ya sake shi, sai Bilal ya ɗaga murya yana begen Makka: ko zai ƙara kwana a kwarin da ciyawar izkhir ke kewaye da shi, ko zai ƙara shan ruwan Majanna, ko idonsa zai ƙara ganin duwatsun Shama da Ɗafil. Bilal fa, wanda a Makkan nan aka ɗora wa dutse a ƙirji! Yana gari ɗaya da Manzon Allah (SAW), amma kewar gida ba ta bar shi ba. Da labari ya kai ga Annabi, bai ce imaninsa ya yi rauni ba. Addu'a ya yi, Allah ya sanya musu son Madina kamar yadda suke son Makka ko fiye, ya kuma kawar musu da zazzaɓinta.

Kewa takan yi sauƙi idan mutum ya saba. Amma idan an haura mako biyu ba barci, ba cin abinci, wanda ka sani da raha a Sharar Mansur ta Makka ya koma kwanciya fuska ga bango, ko Harami ka ce ya raka ka sai ya ce ya gaji, to wannan ciwon damuwa ne, kuma likitoci na da maganinsa. Maza sun fi ɓoyewa, wallahi. Igama, wato takardar izinin zama, ta ƙare, bashin kuɗin jirgi na wuyansa, gida kullum "yaushe za ka aiko?", shi kuwa amsarsa ɗaya: "Lafiya lau."

A yi masa ruƙiyya, a koya masa "Allahumma inni a'uzu bika minal hammi wal hazan", a dama masa talbina ta garin sha'ir, wadda Annabi ya ce tana tafiya da wani ɓangare na baƙin ciki. Amma a haɗa da asibiti. Lambar Ma'aikatar Lafiya 937 ce, kuma mai jin Larabci ya daure ya raka shi. Maganin yakan ɗauki makonni kafin a ga aikinsa, kada ya ajiye don ya ji shiru a kwanakin farko.

Wanda kuwa kuka ji yana cewa gara ya mutu ya huta, kada ku bar shi shi kaɗai a ɗaki, a ranar za ku kai shi ga likita.