Yadda Na Maƙale A Bakin Dodon Katako

A yammacin birnin Kofanhegan na ƙasar Danmak akwai wasu dodanni shida na katako, kuma da gangan aka ɓoye su. Wani mai fasaha, Thomas Dambo, shi ya gina su a shekarar 2016 tare da 'yan sa-kai na unguwannin, ya warwatsa su a Rødovre da Hvidovre da Vallensbæk da Ishøj da Albertslund da Høje Taastrup, kowace ƙaramar hukuma da nata. Burinsa mutanen birni su sauka daga kan kwalta su shiga daji. Shi ya sa wani yake bayan tudu, wani a ƙarƙashin gada, wata a cikin duhuwar itatuwa. Kusa da kowanne akwai dutse da aka rubuta 'yar waƙa a jikinsa mai nuni ga inda na gaba yake, sai dai da harshen 'yan ƙasar aka rubuta, kuma a dunƙule.

'Yan gari da keke suke zagaye su, tafiyar wajen kilomita 30 ce idan za a ga duka. Jirgin ƙasan cikin birnin yana ɗaukar keke kyauta, kuma babba ɗaya mai tikiti yana iya shiga da yara biyu 'yan ƙasa da shekara 12 ba tare da ya biya musu ko sisi ba. Na zayyana wa Hajiya duk wannan rangwamen. Mahaifiyata ce, ta zo mana ziyara daga Kano. Ta dube ni tun daga sama har ƙasa ta ce, "Keke? Ni? Bayan na aje jikoki?" Maganar keke ta mutu a nan. Muka tsayar da shawara a kan mota, da dodanni biyu: Tilde Ƙarama a Vallensbæk, da Louis Mai Barci a Rødovre.

Shigar da wurin yake so sananniya ce: rambut, dogon wando, rigar ruwa. 'Ya'yana Walid da Hanifa suna da nasu tun daga makaranta, domin a ƙasar nan ruwan sama ba ya hana a fita da yara. Maman Walid ma ta sa nata. Ni kuwa Hajiya ta riga ta yanke hukunci tun da safe cewa kaftanin shaddar da ta kawo mini tsaraba zan sa, wai tana so ta ga ko telan ya kamo kafaɗa, kuma ai za a ɗauki hoto. Kaftani ne mai saukowa har ƙwauri. Na ɗora rigar sanyi mai kauri a sama, na goya jaka da fulas ɗin shayi mai citta da robar ƙosai a ciki.

Ƙarshen Oktoba ne, an riga an mayar da agogo baya da awa ɗaya. A irin wannan lokaci la'asar kan shiga wajen ƙarfe biyu, rana kuma ta faɗi tun kafin biyar, don haka wanda ya fita bayan azahar yana wasa da hasken da bai kai awa biyar ba. A riƙa sa 'yar darduma a but ɗin mota.

Vallensbæk Mose fadama ce mai tafkuna. Babbar hanyar da ke zagaye ruwan lafiya lau take, tsakuwa ce a daddale, amma 'yar hanyar da ke shiga wurin dodon ƙafafun mutane ne kawai suka fitar da ita. Idan an kwana ana ruwa, caɓi ne. A nan keken Hanifa ya ƙi. Keken yara mai ƙananan tayoyin gaba masu juyawa ba ya son laka: tayar tana karkacewa ta tsaya a gicciye, ta zama garma, duk turin da ka yi ƙara binne ta kake. Maganinsa a kulle tayoyin gaban su daina juyawa, ko a juya keken a ja shi da baya a kan manyan tayoyi. Mu namu makullin ya daɗe da karyewa, sai muka ciro yarinyar, na ɗauki keken a kai. Wasu tsofaffi biyu masu sandunan tattaki suka wuce mu, suka gaishe ni da kai cikin girmamawa, suka yi gaba suna waiwaye.

Taswirar waya ta nuna in muka yanke ta cikin ciyawa mun rage hanya. Ciyawar nan kuwa cike take da wani tsiro mai ganye kamar zarto, da 'yan gashi-gashi a jikinsa. Ƙarara ce ta Turai. Da ka goge ta, gashin ya karye a fata ya zuba ruwansa, nan take wurin ya yi rudu-rudu yana zogi. Rambut da wando mai kauri suna tare ta. Wandon shadda da safa gajeriya suna barin idon sawu a fili, sai na zama ni kaɗai ke rawa a cikin ayarin. Ba a sosawa, ƙara watsa shi ake yi. A wanke da ruwa a bar shi, yakan lafa da kansa.

Walid ne ya fara hango Tilde. Tana tsaye tsakanin itatuwa, ta riƙe gindin bishiya tana leƙe. Hajiya ta ja burki ta ce, "A'uzu billahi. Wannan ce ƙaramar?" Ta gyara mayafi. "Bauta mata suke yi?"

"A'a Hajiya, kayan wasan yara ne."

"To Allah ya kyauta. Ni dai kada wanda ya haɗa ni hoto da ita."

Daga nesa za ka ɗauka gashi ne a jikinta, sai ka matso ka ga guntayen allunan falet ne, irin katakon da ake ɗora kaya a kai a sito, aka yayyanka aka jera wani kan wani, na sama yana rufe kan na ƙasa don ruwa ya gangare. A ƙarƙashinsu akwai ƙashin gini na katako mai kauri, kuma da sukuru aka ɗaure kusan komai. Duk kayan na bola ne: tsofaffin falet, shingen da aka rushe, rassan da suka faɗo. A jikin Tilde an yi wa tsuntsaye gidaje 28. Hajiya, wadda ta ce ba ruwanta, ta matso ta ƙwanƙwasa ƙafar da yatsa, ta karkatar da kai tana lissafi. "Yanzu duk wannan katakon aka bar wa ruwa? Benci nawa ke nan a Islamiyya?" Sannan ta juya ga Walid, "Kai maigidana, sauko daga nan kafin ka mayar da ni bazawara." Gaskiyarta kuwa, katakon da ya sha damina yana yin gansakuka, kuma ɓangaren da rana ba ta taɓawa ya fi santsi.

Louis a kwance yake a kan wani tudu da bishiyoyi suka rufe, ya wage baki yana sharar barci. An gina shi ne yadda za a shiga ta bakin a zauna a ciki. Yara suka afka, muka ji muryoyinsu suna amsa kuwwa daga cikin ciki. Bayan ɗan lokaci Walid ya fito. Hanifa ta fito da rambut ɗaya, tana kuka, wai ɗayan ya zame can ƙurya kuma akwai duhu. Walid ya ce shi ya gaji. Maman Walid ta dube ni ta ce, "Abban Walid, ai kai ne mai dogon hannu."

Ga abin da ke faruwa idan babban mutum ya yi rarrafe da doguwar riga. Gwiwar farko tana danne gaban rigar a ƙasa. Gwiwa ta biyu ta danne wani ƙarin. Jiki yana gaba, riga tana nan inda aka take ta, sai wuyan rigar ya fara janyo ƙeyarka ƙasa. Kafin taku na huɗu goshina yana gab da harshen Louis, ni na ɗaure kaina da kaina. Da na ɗago ƙugu don in saki rigar, sai jakar baya ta hau sama, igiyarta ta saƙale a bakin wani allo na leɓen sama. Na yi gaba, jaka ta riƙe. Na yi baya, rigar sanyi ta naɗe ta taru a hammata, ta ƙara mini faɗi. Rabina a ciki, rabina a waje, kuma rabin da ke wajen ba shi ne mai fuskar ba.

Sai na ji wani abu mai ɗumi yana bin gadon bayana. Na fara salati, na tabbata sukuru ya huda ni. Ƙamshin citta ne ya kwantar mini da hankali. Murfin fulas irin mai dannawa, idan jaka ta matsu kuma ta kife, buɗewa yake.

Daga waje ina jin Hajiya: "Innalillahi! Shekara arba'in ina tsorata shi da dodo, yau ga shi ya same shi. Ke 'yar nan, ajiye wayar ki kama ƙafarsa mana!" Maman Walid ta ce, "To Hajiya," amma daga yadda muryarta ke rawa na san wayar tana sama. Walid ya kama ƙafa ɗaya ya ja da iyakar ƙarfinsa, ya tafi da takalmina.

Ashe layi ya taru a bayana. Mutanen nan ba sa gaggawa kuma ba sa dariya a fili. Wani dattijo da jikokinsa uku suna tsaye shiru suna jiran a gama da bakin. Shi ne ya durƙuso ya yi mini bayani da Turanci a natse, kai ka ce kullum yana ciro mutane daga nan. Kada a ja. A fara kwance igiyar jaka ta kafaɗa ɗaya daga waje, a zare ta. In zuge zif ɗin rigar sanyi, in miƙa hannaye gaba, in fitar da numfashi duka. Sannan in kwanta a gefe ɗaya don gwiwa ta saki kaftanin, in tattare shi zuwa ƙugu, in shige ciki gaba ɗaya in juyo, domin cikin ya fi bakin faɗi, kuma fita da kai ta fi fita da baya sauƙi. Haka aka yi. Na fito da rambut ɗin Hanifa a hannu, ƙosai ya zama dambu, aljihun shadda ya yage har ƙasa. Jikokin dattijon suka tafa sau biyu, suka shige.

Hajiya ta zagaye ni tana duba ɗinkin. "Kafaɗar dai ta zauna," in ji ta.

Duk wanda ya shiga ciyawar Danmak daga bazara zuwa kaka, ya binciki jikinsa da na yara da daddare saboda kaska: bayan gwiwa, hammata, bayan kunne, gindin gashi. Wata ba ta fi ƙwayar riɗi ba, kuma tana iya ɗauke da cuta. A kama ta da hantsaki dab da fata a zare a miƙe, ba a shafa mata mai ko a ƙona ta, kuma gara a cire ta kafin ta kwana ta wuni. In jan zobe ya fito yana faɗaɗa a wurin bayan kwanaki, sai likita. Yaran ba su da ko ɗaya. Ni aka samu da guda a ƙwauri.

Ina cikin wannan aikin wayata ta fara kuka babu ƙaƙƙautawa. Bidiyon ya isa zauren WhatsApp na dangi, kuma Maman Walid ta yanke shi daidai inda Walid ya faɗi da takalmi. Ƙannena suka cika wurin da hotunan dariya. Gwaggo kuwa daga Zariya saƙon murya ta turo, doguwar addu'a ta fara yi, ta ce ta riga ta ba almajirai sadakar ƙosai, sannan ta tambaya ko zuwa yanzu an samu an ciro ni.